Almakashi da Katin Mai-hoto

Ni ce tela, ni nake wuni da almakashi a hannu, amma a gidanmu ba ni ake kira Almakashi ba. Yayana ake kira.

Tun yana ɗan makaranta ya samo sunan. Rediyon babanmu ya daina magana, Yaya ya bari sai da Baba ya fita, ya shimfiɗa tabarma ya kwance shi kaf. Da ya mayar, rediyo ya kama magana raɗau, sai dai ga wasu 'yan ƙusoshi da guntayen waya sun ragu a murfin gwangwani. Baba ya dawo ya ga murfin, ya ce, "Waɗannan fa?" Yaya ko gezau, ya ce, "Ba ya bukatarsu, Baba." Baba ya rasa abin yi, ya dake shi ne ko ya sa masa albarka. Ƙarshe dai ya ce, "Kai wannan yaro, almakashi ne kai, komai ka taɓa sai ka rage shi." Shi ke nan suna ya bi shi har furfura.

Aikinsa kuwa, na sha wuya kafin in gane shi, don haka bari in sauƙaƙa muku. Kun san ɗan katin nan na memori da ake sa wa waya ko kyamara, wanda bai fi farcen babban yatsa ba? Ramin da ake zura shi, akwai wata 'yar na'ura a bayansa da ke karɓarsa. Ita kwamfuta ba ta jin yaren wannan 'yar na'ura sai an rubuta mata umarni layi-layi: ga yadda za ki tashi katin, ga yadda za ki tambaye shi abin da ke cikinsa, ga abin da za ki yi in wani mai garaje ya zare shi ana tsakiyar aiki. Wannan rubutu shi 'yan sana'ar suke kira direba, kuma can cikin zuciyar babbar manhajar da ke riƙe da kwamfuta gaba ɗaya yake zama. Mutane ne barkatai a duniya suke haɗa hannu suna rubuta manhajar, yawancinsu ba su taɓa ganin juna ba, sai saƙon intanet. Kowane sashe da mai kula da shi. Duk wanda ya kawo gyara, a bainar jama'a zai aiko shi, layukan da ya ƙara su fito kore, waɗanda ya cire su fito ja, kuma ba abin da zai shiga sai mai kula da sashen ya duba ya rubuta a ƙasa cewa ya amince. Yaya na cikin masu kula da sashen katunan memori. Da rana yana aiki a wani ƙaramin kamfani da ke haɗa na'urorin awo, in ya taso da yamma ko ranar hutu sai ya zauna wa wannan.

Shagona a ɗakin gaba na gidansa yake, mai ƙofa ta titi, ɗakin aikinsa kuma bango ɗaya ya raba mu, da wata ƙofa da ba ta rufuwa sosai. Don haka ko ban so ba sai na ji. Dogon tebur ne a ciki, an baje masa allunan lantarki tsirara, wayoyi sun sarƙe kamar zaren da yara suka yi wasa da shi, ga fanka mai ƙugi, ga kofin shayin da kullum sai ya huce kafin ya tuna da shi. A kusurwar teburin akwai wani tsohon gwangwanin biskit cike da katunan memori, manya da ƙanana, har da waɗanda aka daina yi tun ina budurwa. Duk gyaran da aka aiko masa, sai ya bi katunan nan ɗaya bayan ɗaya ya gwada kafin ya ce uffan.

Kuma Yaya ba shi da sauƙi, gaskiya ɗaya ce. Tambayarsa guda ce, ita yake yi wa kowa: "Wannan layin me yake yi?" In ka iya faɗa, to. In ka tsaya kame-kame, sai ya ce a cire. Ya sha gaya mini cewa gyaran da ya fi burge shi shi ne wanda ja ya fi kore yawa a cikinsa, domin kowane layi kaya ne da wani zai ɗauka bayan mai shi ya tafi. Ba ya zagi, ba ya cin fuska, amma yana iya mayar wa mutum da aikinsa sau da yawa har sai mutumin ya ji kamar ya bar sana'ar ya koma sayar da ruwa. Ni kaina ban tsira ba. Wata rana ya leƙo shago ya ga rigar da na jera wa maɓallai a kafaɗa, ya ɗaga ta ya ce, "Auta, wannan maɓallin me yake rufewa?" Na ce, "Ado ne, Yaya." Ya ce, "To cire shi." Da tef ɗin awo na raka shi har ƙofa.

Mutum ɗaya ce ta iya da shi, matarsa. Mai-hoto muke kiranta, don sana'arta ke nan, tana da ɗan shagon ɗaukar hoto kusa da tashar mota. Mace mai dariya har da buga cinya, ga tsokana kamar me. Ita ce ma sanadin shigarsa wannan harka. Lokacin da ta sayi kyamararta ta farko mai amfani da memori, ta kawo katin gida, aka zura a kwamfutar Yaya, kwamfuta ta yi kamar ba ta san an zura mata komai ba. Mai-hoto ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah! Duk karatun nan naka, ɗan wannan abin ya gagare ka?" Ai kuwa ta taɓo shi inda ba a taɓawa. Ya zauna makonni yana rubuta direban da zai sa ramin ya yi aiki. Ya gama, duk katin da ya ara ya zura sai ya buɗe, ban da nata. Ya yi ta fama har ya gano cewa katin nata mai nauyin barci ne: in an ba shi wuta ba ya amsawa nan take, sai an ɗan dakata masa. Sai ya ƙara layi ɗaya da ke sa kwamfuta ta ɗan jira, ya rubuta bayani a samansa da Turanci, wanda ya fassara mana: "A ɗan jira, katinta ba ya farkawa da wuri." Mai-hoto ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Ni ya gado. Ni ma ba na son a tashe ni da garaje."

Ya aika direban, manyan wancan lokaci suka wahalar da shi yadda yake wahalar da na yanzu, daga baya suka karɓa. Sunansa ya hau saman rubutun. Direban nan ya shiga na'urori a ƙasashen da Yaya bai taɓa takawa ba, shekara da shekaru yana yi masa kwaskwarima, yana lallaɓa shi. Shi ne abu ɗaya da na taɓa ganin yana alfahari da shi, ko da yake zai ce muku ba alfahari ba ne. Mai-hoto kuwa kullum ƙorafinta guda: ita fa ƙeya ta aura. "Auta," in ji ta, "in kika ga fuskar yayanki ki gaishe mini da ita, ni rabona da ita tun ranar hutu."

Rashin lafiyar da ta ɗauke Mai-hoto ba ta daɗe ba. Ba zan tsaya ba da labarinta ba. Bayan an share makoki, na ga Yaya ya cire katin daga tsohuwar kyamararta, wadda ta ƙi rabuwa da ita duk da ta sayi sababbi, ya naɗe shi a takarda ya sa a ƙasan gwangwanin biskit. Bai sake zura shi ko'ina ba. Mutumin da ke yi wa kowa wa'azin a kwafe hotuna a ajiye wani wuri kada kati ya mutu da su, shi ga nasa nan ya kasa ko buɗewa. Na yi masa magana sau ɗaya, ya dube ni, ban ƙara ba.

Shekaru suka wuce a haka. Rannan da yamma ina cikin ɗinki sai na ji ɗakinsa ya yi tsit, babu ƙarar danne-dannen nan da na saba ji. Na leƙa na same shi ya zuba wa allon kwamfuta ido, allon nan ja wur daga sama har ƙasa. Na ce, "A'a, yau an yi maka abin da kake so ke nan, ga ja har ya yi yawa." Bai yi dariya ba. Ya ce, "Direbana ne."

Ashe wata matashiya ce daga wata ƙasa mai nisa, sabuwar shiga a harkar, ta zauna ta karanta direbobin katuna kaf, ta ga cewa yanzu akwai rubutu na bai-ɗaya da ke yi wa kowa aikin da a da kowa ke yi wa kansa. Direban Yaya kusan duk abin da yake yi, na bai-ɗayan yana yi. Sai ta rubuta 'yan layuka kaɗan da za su haɗa tsohuwar na'urar da na bai-ɗayan, ta nemi a share na Yaya gaba ɗaya, har da sunansa da ke sama. Kuma wa zai duba ya amince? Shi. Ni na raɗa mata suna Mai-tsintsiya, kuma ba da ƙauna na raɗa ba. Na ce, "Wannan wace irin marar kunya ce? Ta rasa wanda za ta share sai kai? Ka ce mata a'a, magana ta ƙare." Ya ce, "Ba a cewa a'a haka kawai, Auta. Sai da dalili."

To, daga nan na ga abin da ban taɓa gani ba: Almakashi yana jan ƙafa. Mutumin da ba ya barin saƙo ya kwana biyu bai amsa ba, ya yi shiru har sai da yarinyar ta sake aikowa cikin ladabi tana tambaya ko ya samu dubawa. Sai ya amsa mata cewa akwai wurin da ta bar tazara tsakanin kalmomi fiye da ƙa'ida. Ta gyara ta aiko. Ya ce bayanin da ta rubuta a sama bai fito sosai ba. Ta gyara, har da godiya. Ya ce a raba gyaran gida-gida don ya fi sauƙin dubawa. Ta raba. Wallahi tun ina jin haushinta har na fara jin tausayinta, don na san wannan salon. Haka nake yi wa mai kayan da ba na son ɗinka wa, in ce zare ya ƙare, in ce wuta ta ɗauke.

Shi kuma duk ya rame a tsaye. Abinci sai na tsaya a kansa. Da yamma in ji shi yana buɗe gwangwani, yana zura katuna ɗaya bayan ɗaya a sabon rubutun yarinyar, kowanne ya buɗe lafiya lau, shi kuma ya ja tsaki. Ina ka taɓa jin mai gwaji yana tsaki don abu ya yi aiki? Har wani daga cikin abokan kula da sashen ya rubuto a bainar jama'a, cikin mutunci dai, yana cewa shi bai ga matsala ba, amma tunda na Yaya ne, maganarsa ake jira.

Ranar hutu da hantsi na kasa haƙuri. Na kashe keken ɗinki na shiga ɗakin, na janye wayoyin da ke kan kujera na zauna. Na ce, "Yaya, ni dai ba na iya ɓoye abu a ciki. Ko ka ce wa yarinyar nan a'a, ko ka ce mata to. Wannan wahalar da kake ba ta ba halinka ba ne. Da wani ne ya yi haka, da tuni ka wanke shi tas."

Ya ce, "Ta cire layin jiran."

Na ce, "Wane layi?" Ina rufe baki na tuna.

Ya ce, "Na bai-ɗayan ba ya tsayawa jira. Tambayar katin yake ta yi, ka farka, ka farka, har ya amsa. A takarda daidai ne. Amma tsofaffin katuna ba duka suke bin takarda ba. In akwai kati ɗaya da ya ƙi buɗewa, ina da dalilin da zan ce a bar nawa." Ya dubi gwangwanin. "Duk na gwada. Saura ɗaya."

Nan na gane abin da ya hana shi barci duk kwanakin nan. So yake katin Mai-hoto ya ƙi buɗewa, don direbansa ya tsira, kuma tsoro yake ji ya buɗe, don bai san yadda zai yi da abin da ke ciki ba. Tausayinsa ya kama ni har na ji haushin kaina da na shigo da faɗa. Na ce, "To ka bar shi mana. Ka ce mata kana da katin da ba ya yi, wa zai zo ya bincika gwangwaninka?" Ya juyo ya dube ni kamar na ce ya shiga shagon wani ya yi sata. Ya ce, "Haba Auta. In rubuta na gwada alhali ban gwada ba?"

Ya juye gwangwanin a hankali, ya ɗauko takardar, ya warware. Katin ya tsufa, rubutun jikinsa ya koɗe, ga ɗan tabon jan farce da ta ɗiga masa don ta riƙa gane shi. Ya tura ɗan makullin da ke gefensa don kada komai ya rubutu a kai, ya sake dubawa, ya sake. Sai da ya kuskure ramin kafin ya zura. Na buɗe baki zan ce ya ɗan jira, ban kai ga faɗa ba.

Katin ya buɗe nan take.

Hotuna suka cika allon. Na matso ina neman fuskarta, na manta cewa mai ɗaukar hoto ba ta fitowa a hoto. Ƙeyar Yaya ce. Ƙeyarsa a wannan ɗakin, a wannan kujerar, ya duƙufa a kan tebur. Wata da hula, wata ba hula, wata sanƙon ya fara leƙowa, wata da kofin shayi a gefe da ƙuda a bakinsa. Daga bakin ƙofa take tsayawa ta ɗauka, shi bai ma san tana yi ba. A ɗaya daga ciki ta miƙo hannunta cikin hoton, ta yi masa ƙaho da yatsu biyu a saman kai. Dariya ta ƙwace mini, kuka ya biyo ta a baya, na rasa wanne zan tare. Yaya bai yi ko ɗaya ba. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har na ƙarshe, ya koma farko. Sannan, don shi Almakashi ne har gobe, ya zare katin ya sake zurawa, ya kashe na'urar ya kunna, ya sake gwadawa. Kowane karo buɗewa yake yi ba gardama.

Ya ce, "Na yarinyar ya fi nawa." A hankali ya faɗa, ba da ɗaci ba. "Ya fi sauri, ya fi tsabta. Wanda zai zo bayanmu zai karanta shi a zama ɗaya."

Ya fara kwafe hotunan zuwa wani wuri, abin da ya kamata ya yi tun shekarun baya. Suna cikin kwafuwa ya buɗe saƙon yarinyar, ya gangara cikin jan nan, yana wuce aikin ƙuruciyarsa layi-layi. Na ga sunansa ya wuce, ja. Can tsakiya ya tsaya. Ban iya karanta irin rubutunsu ba, amma na gane wurin, don na ga yadda ya ɗora yatsa a kan allon.

Na ce, "Yaya, don Allah ka roƙe ta ta bar wannan ɗaya. Layi ɗaya ne fa. Me zai tsare wa mutane? Kai ne mai kula da wurin, in ka ce a bari za a bari."

Ya ce, "Za a bari. Sannan wata rana wani ya zo ya tambaya, wannan layin me yake yi?"

Na ce, "Sai a ce masa jira yake yi."

Ya girgiza kai. Ya jawo allon dannawa ya rubuta wa yarinyar amsa, yana karanta mini da Hausa yana rubutawa: ya duba, ya gwada a kan duk katunan da yake da su har da wanda ya fi kowanne tsufa, wanda aka rubuta layin jiran dominsa, kuma ya buɗe. Ya ba ta haƙurin jinkirin da ya yi, ya ce laifinsa ne ba nata ba. Ya ce aiki ne mai kyau. A ƙasa ya sa sunansa, ya amince.

Yatsansa na kan maɓallin aikawa na sake cewa, "Yaya." Ban san ma me zan ƙara ba.

Bai juyo ba, ƙeyar nan dai nake gani, ta yi furfura yanzu. Ya ce, "Auta, layin nan ba wadda yake jira kuma." Ya danna.